Na kira 988 maimakon 911, mutum biyu suka zo gidanmu ba bindiga

Tun bayan ƙaramar sallar 2024 nake cewa zan rubuta wannan, kunya tana riƙe min hannu. Abin da ya zaunar da ni yau wata baiwar Allah ce da ta ja ni gefe Juma'ar da ta wuce, a inda muke ajiye takalma, ta ce min cikin raɗa ɗanta ya kwana huɗu bai runtsa ba, yana ta magana shi kaɗai, ita kuma tsoron kiran kowa take yi. An gaya mata na taɓa shiga irin wannan. Na rubuta mata 988, lambar da ake kira a Amurka in larurar ƙwaƙwalwa ta taso wa mutum, a bayan wata takarda, muka tsaya muna magana har masallaci ya watse. A hanyar gida nake tambayar kaina, mu nawa ne a yankin Bronx ɗin nan na birnin New York muka kulle irin wannan a ɗaki muna jiran ya wuce da kansa?

To ga abin da na gani da idona game da layin 988 da tawagar da ake turowa gida ta hanyarsa a birnin New York. Tun daga farko in faɗi matsayina: aiki ne mai kyau, na gwada shi a kan jinina, kuma in buƙata ta sake tasowa shi zan fara kira. Sai dai yana da lokacinsa da sharaɗinsa. Wanda ya jira har wuƙa ta shiga hannun mara lafiya ya riga ya wuce inda wannan tawaga za ta iya zuwa.

Ni 'yar Kaduna ce, shekarata 14 a Amurka, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Muna zaune a hawa na huɗu kusa da titin Grand Concourse, ni da maigidana da yara uku da Hajiyarmu da ƙanena. Zan kira shi Auta, don shi ne autanmu, kuma ya yarda in ba da labarin nan da sharaɗin kada in kama sunansa. Shekarunsa 29 yanzu. Likitoci suna kiran ciwonsa baifola. Wani lokaci ya nutse cikin baƙin ciki har ya kasa tashi daga gado, wani lokaci kuma ya hau sama, barci ya ƙaurace masa, magana ta riƙa zuba kamar an buɗe famfo, ya ji babu abin da ya fi ƙarfinsa a duniya. In yana kan maganinsa ba za ka taɓa cewa akwai wani abu ba. Yana kai wa mutane abinci a keke mai lantarki, yana biyan rabonsa na haya, shi ke raka yarana Islamiyya ran Asabar.

Dole in koma baya kaɗan, don a gane abin da ya sa yatsana ya ƙi danna 911, lambar kiran 'yan sanda da motar asibiti a Amurka. A 2021 Auta yana zaune a wani gari a wata jiha, ba zan faɗi sunan garin ba. Ciwon ya taso masa karo na biyu, ya fito bakin titi ba takalmi yana karatun Alƙur'ani da ƙarfi. Bai taɓa kowa ba, ko tsinke babu a hannunsa. Maƙwabta suka kira 'yan sanda, kuma ban ga laifinsu ba, tsoro suka ji. Mota uku ta zo. Aka riƙa daka masa tsawa ya kwanta a ƙasa, mutum huɗu suna ba da umarni lokaci guda, shi kuwa a wannan halin ko sunansa ka kira sai ka maimaita sau uku kafin ya juyo. Da bai kwanta ba suka harbe shi da bindigar lantarki, ya zube a kan kwalta, aka danne shi da gwiwa aka sa masa ankwa. Kafaɗarsa ta goce. Aka kuma rubuta masa laifin ƙin bin umarnin jami'i, sai da muka yi wata bakwai muna zaryar kotu kafin a soke. Ranar da na same shi a asibiti, hannunsa ɗaya ɗaure da ƙarfen gado, abin da ya fara ce min shi ne, “Yaya, me na yi musu?” Daga nan na tattaro kayansa na dawo da shi wurina.

Mu ma Allah ya rufa mana asiri, tunda ya tashi da ransa. Duk ɗan Afirka ta Yamma da ya daɗe a New York ya san labarin Mohamed Bah, ɗan Gini mai shekara 28, ɗalibi kuma direban tasi. Mahaifiyarsa Hawa Bah ta taso tun daga Gini ta tarar ba ya cikin hayyacinsa. Ranar 25 ga Satumba 2012 aka kira 911 don a turo motar asibiti gidansa a Harlem, sai 'yan sanda suka zo. Ta roƙi a bar ta ta yi magana da ɗanta, ba a bari ba. Suka shiga da ƙarfi, suka harbe shi har lahira a cikin gidansa, suka ce ya nufo su da wuƙa. A 2017 kotun tarayya ta samu cewa an yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima, aka yanke wa iyalin diyyar sama da dala miliyan 2. Me kuɗi zai yi wa uwar da ita da kanta ta nemi a zo a taimaki ɗanta? A nan Bronx kuma akwai Deborah Danner, dattijuwa mai shekara 66 da ta daɗe tana fama da ciwon ƙwaƙwalwa, wadda wani sajen ya harbe a ɗakin kwananta a watan Oktoban 2016. Kotu ta wanke shi a 2018. Shekaru kaɗan kafin rasuwarta ta rubuta da kanta cewa irin wannan haɗuwa da 'yan sanda take tsoro. Jaridar Washington Post ta fara ƙirga waɗanda 'yan sandan Amurka ke harbewa har lahira a 2015, ta samu kusan mutum dubu ne a shekara, kuma kusan ɗaya cikin biyar an san yana da larurar ƙwaƙwalwa.

Ban ce kowane ɗan sanda mugu ba ne. Ɗan wata ƙawata ya shiga aikin, yaro ne mai ladabi da na sani tun yana goye. Amma an horar da su ne su sa a bi umarni nan take, in ba a bi ba su ƙara ƙarfi. Mai wannan ciwo kuwa abin da ya rasa kenan a ranar, wato iya ji ya fahimta ya bi. Akwai horo na musamman na awa 40 da ake ba wasunsu kan mu'amala da masu taɓin hankali, wanda aka faro a birnin Memphis a 1988. Yana da amfani, amma mako ɗaya ne, kuma bindigar tana nan a ƙugu.

Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris a nan. Auta yana shan litiyam, maganin da ake auna jini a kansa lokaci-lokaci, kuma ba ya shiri da ƙishirwa: in ruwa ya yi ƙaranci a jiki yana iya taruwa a jini har ya zama guba. Auta ya san haka, sai ya yanke wa kansa shawarar ajiye maganin sai bayan salla. Bai gaya wa likita ba, bai gaya min ba. Ga asham, ga aikin dare, ga sahur. Barcinsa ya koma awa uku, ya koma biyu, rashin barci kuwa shi ne ashanar wannan ciwo. Ina ganin alamun ina kawar da kai, ina cewa himmar ibada ce. Wannan laifina ne, kuma na ɗauka. Hajiya ta ce iskokai ne suka dawo, ta aika gida a yi masa sauka.

Ranar Laraba 27 ga Maris labari ya karaɗe gari cewa 'yan sanda sun harbe wani yaro mai shekara 19 a Ozone Park da ke Queens. Sunansa Win Rozario, iyayensa 'yan Bangaladash ne. Kiran 911 aka yi kan halin da ƙwaƙwalwarsa ta shiga, suka tarar da shi a gida, ya ɗauki almakashi, suka harbe shi a gaban mahaifiyarsa da ƙanensa, uwar tana roƙonsu kada su harba. A wurin aiki na karanta, tsohuwar da nake kula da ita tana barci a kujera. Na shiga bayi na yi kuka, don na san abin da ke ƙaruwa a gidana.

Daren Litinin wayewar Talata, 2 ga Afrilu, muna cikin goman ƙarshe, Auta ya dawo daga tahajjud wajen ƙarfe biyu. Ya fara fito da kayan ɗakinsa waje, katifa, tebur, akwati, yana jera su a barandar da muke rabawa da maƙwabta. Ya ce an ba shi aiki, zai hau rufin bene ya yi kiran salla da zai tashi Bronx gaba ɗaya. Idonsa ya yi jajur, muryarsa ta dishe amma ba ta tsayawa. Na ƙasanmu ya fara buga silin da sanda. Na san saura ƙiris wani ya kira 911, in ya kira kuwa ba ni zan zaɓi wanda zai zo ba.

Wata maƙwabciyarmu nas ce, 'yar zangon Kumasi, Anti muke ce mata. Ita ta ba ni lambar 988 watanni kafin nan, ta kuma ce in tashi kira in yi da wayar da lambarta ta New York ce, don a lokacin farkon lambar wayarka ake dubawa a haɗa ka da cibiyar wannan yankin. Tawa ta jihar da na fara sauka ce, sai na ɗauki ta maigida. Daga ƙarshen 2024 manyan kamfanonin waya sun fara haɗa kira da cibiyar da ke kusa da inda mutum yake. Layin kansa na ƙasa baki ɗaya ne, an buɗe shi ranar 16 ga Yuli 2022, kyauta ne, dare da rana, ana kira ana kuma aika saƙo.

Ban kai minti biyu ina jira ba wata mata ta ɗauka. Abin da na fara lura da shi muryarta ce, a kwance, ba gaggawa. Ta tambayi sunan da nake so ta kira ni da shi. Sannan ta shiga tambayoyin da suka zama dole, kai tsaye ba kwana-kwana: akwai makami a hannunsa? Ya ce zai kashe kansa ko wani? Ƙofar rufin benen a buɗe take? Wane magani yake sha, yaushe ya daina, yaushe rabonsa da barci? Ba ta tambayi takardun zamanmu ba, ba ta tambayi ko muna da inshora ba. Na ce mata, don Allah kada ki turo 'yan sanda. Amsar da ta ba ni ita ta sa na amince da ita, don ba ta yi min alkawarin ƙarya ba. Ta ce in ransa ko ran wani yana cikin haɗari a wannan lokacin, dole ta nemi agajin gaggawa, kuma za ta gaya min kafin ta yi. Amma daga abin da na faɗa mata ba mu kai can ba, don haka mu yi ƙoƙari tare kada mu kai.

Ta zauna da ni a waya kusan minti arba'in. Ta ce maigida ya je ya tsaya a matakalar da ke hawa rufi, ba don ya yi kokawa da shi ba, don dai ya kasance a wurin. A kwashe wuƙaƙe da almakashi daga kicin ba tare da ya gani ba. A kai yara ɗakin Anti. A rage fitilu, a kashe talabijin. Mutum ɗaya kaɗai zai riƙa yi masa magana, da gajerun kalmomi, kuma kada in yi gardama da shi kan aikin da ya ce an ba shi. Ta ce in sauka in ƙwanƙwasa wa na ƙasa in gaya masa rashin lafiya ce kuma an riga an kira masu taimako. Wannan shawarar ta ƙarshe ban taɓa tunaninta ba, kuma ina ganin ita ta tsare mu a daren. Mutumin ya buɗe ƙofa a fusace, da ya ji bayani sai jikinsa ya yi sanyi, ya ce shi ma yana da ɗan'uwa mai irin wannan.

Sai ta yi min bayanin tawagar tafi-da-gidanka. Ta ce suna fita daga ƙarfe 8 na safe zuwa 8 na dare, za ta shigar da buƙatarmu yanzu don mu kasance cikin na farko. Na ce wa Auta, tunda kiran salla zai yi, ya bari lokacin asuba ya shiga tukuna. Muka zauna a baranda a kan katifarsa, yana magana ina saurare. Da asuba ta yi ya yi kiransa a falo, da muryar da ta kusa ƙarewa. Ban taɓa ganin dare mai tsawon wannan ba.

Ƙarfe tara saura suka kira ni, goma da 'yan mintuna suka iso. Mutum biyu ne. Mace mai kimanin shekara hamsin, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ta ƙware kan lafiyar ƙwaƙwalwa, da wani saurayi wanda daga baya ya gaya mana shi ma ya taɓa kwanciya asibiti kan irin wannan ciwo, yanzu aikinsa kenan raka masu fama da shi. Kayan gida ne a jikinsu, katin shaida a wuya, jaka a kafaɗa. Babu jiniya, babu mota mai fitila a ƙofar gini. Suna ganin takalma jere a bakin ƙofa suka cire nasu ba tare da an ce musu ba. Hajiya har yau tana ambaton wannan.

A nan nake so in daɗe, don a nan bambancin yake. Kafin su shiga suka tambaye ni a hankali me yake tsoro, me yake kwantar masa da hankali, wa yake jin maganarsa. Na gaya musu abin da ya faru a 2021. Matar ta ce to ba za su tsaya tsakaninsa da ƙofa ba, kuma ba wanda zai taɓa jikinsa. Saurayin ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango, nesa da shi kamar taku huɗu, hannuwansa a kan gwiwa inda za a gan su. Auta yana tsaye yana kai da kawowa, ya ce musu, “'Yan sanda ne ku?” Suka ce a'a, suka faɗi ko su wane ne, suka ce in ya ce su fita za su koma baranda. Bai ce su fita ba. Ya shiga yi musu bayanin aikin da aka ba shi, ya yi minti ashirin bai numfasa ba, ba wanda ya katse shi. Ba su ce masa gaskiya ne ba, ba su ce ƙarya ne ba. Da ya ɗan tsagaita saurayin ya ce masa, aiki mai nauyi haka, yaushe rabonka da barci? Auta ya tsaya cak. Ya ce bai sani ba. Sannan ya zauna, karo na farko tun dare, ya sa kansa a tafin hannu.

Maganar azumi ita ce ta fi wuya. Matar ta lura leɓensa ya bushe, ta tambaya, na ce azumi yake yi. Ta ce ita ba ta da ikon cewa komai kan addininsa, amma jikinsa yana buƙatar ruwa da likita yau, akwai malamin da ya yarda da shi? Na kira limaminmu na sa wayar a fili. Allah ya saka wa Malam da alheri, bai ja dogon wa'azi ba. Ya ce, “Ɗana, Allah ya yi wa mara lafiya rangwame, karɓar rangwamen nan ma ibada ce. Ka sha ruwa, ka bi yayarka asibiti, ka rama bayan salla. Ni zan zo in duba ka.” Auta ya karɓi kofi daga hannun Hajiya ya sha.

Hajiya ba ta jin Turanci, kuma matar ba ta yarda a bar ta a gefe ba. Ta ce uwa ce, dole ta ji komai da harshenta, kuma bai kamata a ɗora min tafinta a kan abin da nake ciki ba. Ta kira wani kamfanin tafinta ta waya, cikin 'yan mintuna aka samu mai jin Hausa. Na yaba da wannan ƙwarai. Inda aka samu tangarɗa daga shi tafintan ne: matar ta ce larurar ƙwaƙwalwa, shi ya ce hauka. Hajiya ta miƙe tsaye ta ce ita ba ta haifi mahaukaci ba. Sai da na shiga tsakani na ce ciwo ne kamar hawan jini, yana tashi yana kwanciya, yana da magani. Da na yi wa matar bayanin nauyin kalmar a wurinmu, ta ba Hajiya haƙuri, ta roƙi tafintan ya riƙa cewa rashin lafiya. Duk wanda zai yi amfani da tafinta a irin wannan zama, ya gaya masa tun farko kalmar da gidansu ke iya ji.

Sun yi awa ɗaya da minti arba'in a gidanmu. A ƙarshe Auta da bakinsa ya ce zai je asibiti, da sharaɗin ba a motar asibiti ba kuma ba wanda zai ɗaure shi. Matar ta kira sashen gaggawa na masu larurar ƙwaƙwalwa ta sanar da su muna tafe, ta rubuta min takarda mai bayanin halin da suka same shi da maganin da ya daina. Ya sa silifas ɗinsa, ya sauka hawa huɗu da ƙafarsa, ya shiga motar maigida. Wanda ya gan mu a titi zai ɗauka kasuwa za mu. Ko sisi ba su nema a hannuna ba. Sun tambayi ko yana da katin Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, na nuna, shi kenan.

Asibitin kuwa, wanda ba zan ambaci sunansa ba, wani labari ne daban. Awa 13 muka yi a kan kujerar roba a baranda kafin a samu gado. Wani ma'aikaci ya fizge carbin da ke hannunsa ba bayani. Na san dokarsu ce kada a bar igiya a hannun mara lafiya, amma da ya yi magana da Auta ya miƙa da kansa. Saura kaɗan duk aikin safiyar ya rushe a wannan minti ɗaya. Ya kwana tara, a can ya yi ƙaramar salla, Malam ya cika alkawari ya je masa da tuwo da miyar kuka daga gidansa. Da aka sallame shi aka ba mu ranar ganin likita sai bayan mako biyar. Matar tawagar ce, da ta kira don jin yadda muke, ta ce mako biyar ya yi yawa ga wanda aka mayar kan litiyam, ta yi ta buga waya har aka samu wuri cikin kwana shida. Sun kira sau biyu, sun dawo gida sau ɗaya, sannan suka miƙa mu ga asibitin unguwa suka rufe fayil ɗinmu.

Akwai abubuwan da ya kamata mai kira ya sani tun kafin ranar ta zo. Wanda zai ɗauki waya yana nan kowane lokaci, amma masu zuwa gida da rana suke fita, wannan ciwo kuma ya fi son tsakar dare. Burina a ce wata rana akwai masu fita da dare. Sannan tawagar nan ba motar kashe gobara ba ce, ba a cikin minti biyar take isowa ba. In mutum ya riƙe makami, ko ya sha wani abu don ya kashe kansa, ko yana bakin taga, 911 ce, babu wata hanya. Birnin yana da wani shiri mai suna B-HEARD da aka fara a Harlem a watan Yunin 2021, daga baya ya iso Bronx, inda ake tura ma'aikatan lafiya, ciki har da ƙwararren lafiyar ƙwaƙwalwa, maimakon 'yan sanda. Amma mai ɗaukar kiran 911 ne ke yanke wa za a tura, kuma da an ambaci makami ko tashin hankali 'yan sanda ne za su zo. Ita ma tawagar da ta zo mana, dokar jiha ta ba ta ikon sa a kai mutum asibiti ko bai yarda ba in ta ga ransa ko na wani yana cikin haɗari, kuma a nan 'yan sanda na iya shigowa. Matar ta gaya min haka da bakinta kafin ta shiga falo. Masu kula da layin 988 sun ce ƙasa da kashi 2 cikin 100 na kiran da suke samu ne ke kaiwa ga neman agajin gaggawa. Yadda na fahimta, kowace rana da muka ƙara muna ɓoyewa tana matsar da mu kusa da wannan kashi biyun.

Ɓoyewar nan kuwa tamu ce, da ita muka taso daga gida. Muna tsoron a ce gidan wane akwai mahaukaci, a ƙi auren 'ya'yanmu. Ban hana kowa ruƙiyya ko addu'a ba, mu ma mun yi, muna kan yi, amma a haɗa da likita. Ni 'yar Kaduna ce, na tuna watan Satumban 2019 da aka buɗe wani gida a Rigasa aka fito da mutum sama da 300, da yawansu da mari a ƙafa, wasu iyayensu ne suka kai su da hannunsu don neman gyara. A can 'yan sanda ne suka zo suka kwance su. Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan a Barnawa. Da Auta yana gida lokacin da ciwon ya fara, na san cikin danginmu akwai waɗanda da kyakkyawar niyya za su ce a kai shi gidan mari kafin a tuna da Barnawa.

Yanzu akwai takarda manne a jikin firij ɗinmu, da rubutun hannun Auta. Saurayin nan ne ya taya shi tsara ta a zuwansu na biyu. Ya rubuta alamun da yake so mu lura da su: in ya kwana biyu a jere barcinsa bai kai awa huɗu ba, in ya fara kyautar da kayansa, in maganarsa ta fi ƙarfin a katse. Ya rubuta sunan maganinsa da adadinsa, da waɗanda za a kira bi da bi, ni, sai Malam, sai 988. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya, cewa in dole ta sa an kira 911, a fara gaya musu ba shi da makami kuma tsawa tana firgita shi. Azumin da ya biyo baya tun watan Sha'aban muka je wurin likitansa tare, aka auna jini, aka tsara yadda zai yi, kuma ya bar aikin dare har bayan salla.

Baiwar Allahn nan ta masallaci na kira ta jiya. Ba ta buga lambar ba tukuna. Maigidanta ya ce a bari a gama ruƙiyyar kwana bakwai da aka fara, kuma ba ya son baƙi su shigo masa gida su ga ɗansa a haka. Yaron yanzu ya fara kulle kansa a ɗaki. Maigidana da Malam za su same shi yau bayan isha'i, Auta kuma ya ce zai bi su, don yana so uban ya gan shi da idonsa.